Tallan da Ake Saƙawa a Cikin Fim: Yana Sayar da Kaya Kuwa? Darasi Daga Cikin Birnin Kano

Wani dare bayan sallar isha'i na shiga gidan 'yan uwa a Yakasai, na tarar an jingina waya a jikin fulas ɗin shayi, mutum shida sun kewaye ta suna kallon wani shiri mai dogon zango. Ana tsakiyar rigima tsakanin miji da mata, sai jarumin ya dakata, ya ɗauko wata kwalbar magani, ya juyo da ita saitin kyamara, ya karanto sunanta da lambar wayar mai ita har sau biyu. Ɗakin ya fashe da dariya. Ƙanwata ta sa yatsa ta ja hoton gaba. Minti goma bayan haka aka nuna jarumar a ɗakinta, an ɗauke wuta, ta kunna fitilar wayarta tana neman wata takarda a ƙasan akwati. Babu wanda ya ce uffan. Amma da zan fita, wata 'yar yayata ta biyo ni zaure tana tambaya: "Kawu, wayar nan ta hannunta wace iri ce? Bayanta ya yi mini kyau."

Har yau kowa a gidan yana iya faɗin sunan maganin, domin ya zama abin tsokana, amma ban ji wanda ya saya ba. Wayar kuwa ko sunanta ba a ambata ba, ga shi an fara tambayar kuɗinta. Darasinmu na yau a kan wannan bambanci yake, kuma na rubuta shi ne musamman saboda masu shagunan waya da kayan lantarki da ke tunanin zuba kuɗinsu a finafinan Hausa, da kuma matasan da ke shirya bidiyo suna neman mai ɗaukar nauyi.

Me muke nufi?

Akwai abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Na farko shi ne saƙa haja a cikin labarin da dama can za a yi shi: wayar da jaruma ke riƙewa, motar da alhaji ke hawa, na'urar POS da ke kan teburin mai shago, ko sinadarin ɗanɗanon da uwar gida ke jefawa a tukunya. Wannan za mu kira shi tallan cikin labari. Na biyu shi ne kamfani ya ƙirƙiri nishaɗin da kansa tun daga tushe, ya biya marubuci da darakta, domin sunansa ya zauna a zukatan masu kallo. Misalinsa a Najeriya shi ne gasar waƙa ta Project Fame da kamfanin MTN ya fara ɗaukar nauyinta a 2008, ko gasar rawar iyali ta Maltina. A ƙasashen waje kamfanin motoci na BMW ya saki gajerun finafinai takwas a intanet tsakanin 2001 da 2002 da sunan The Hire, tun kafin a san YouTube.

Abin da aka fi gani a shirye-shiryenmu, wato a tsayar da fim a sako bidiyon mai magani ko mai filaye na minti uku, ko rubutu ya riƙa gudu a ƙasan allo, wannan ba ɗaya daga cikin biyun ba ne. Tallan talabijin ne na gargajiya aka manna shi a jikin fim.

Abin da ya sa batun ya taso yanzu

Tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa shekarun da sana'ar ta bunƙasa, kuɗin fim ɗin Hausa daga hannun mai kallo yake fitowa. Furodusa ya kai fim ɗinsa wurin diloli, musamman a kasuwar Ƙofar Wambai da kewayen Bata, a buga kaset, daga baya faifan sidi, a raba shi Arewa da Nijar da Kamaru da Gana. Wanda yake son kallo ya saya ko ya yi haya. A wancan zamani furodusa bai damu ƙwarai da mai talla ba.

Wayar hannu ce ta rusa wannan tsari. Da memori ya yi araha, sai masu tura finafinai suka cika lunguna: ka miƙa wayarka da ɗan canji, a cika maka ita, kai ma ka tura wa abokinka ta Xender ko ta bulutut. Faifai ya daina ciniki. Masu shirya fim suka koma shiri mai dogon zango, wasu a tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, inda Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suka yi suna, wasu kuma a YouTube, kamar Izzar So na Lawan Ahmad, da Labarina na Aminu Saira wanda ya ratsa duka biyun.

To amma ga inda gizo ke saƙar. YouTube yana biyan mai tasha ne daga tallan da ya nuna wa mai kallo, kuma abin da masu talla ke biya a kan mai kallo da ke Najeriya ko Nijar bai kai na wanda ke Amurka ko Ingila ba. Sannan duk wanda ya karɓi shirin a wurin mai turawa, bai ga tallan YouTube ko ɗaya ba, domin wancan talla ba a jikin fayil ɗin yake ba. Wanda ya kalla a talabijin ma, da an tafi hutun talla zai tashi ya yi alwala ko ya duba WhatsApp. Talla guda ɗaya ne yake bin fim duk inda ya shiga, daga YouTube zuwa memori zuwa wayar da aka jingina a jikin fulas: wanda aka saƙa a cikin labarin. Mai turawa zai iya yanke bidiyon mai magani da aka manna a farkon shiri cikin daƙiƙa kaɗan, amma ba zai iya cire wayar da ke hannun jaruma ba.

Saboda haka a Kano satar fasahar da ta kashe kasuwar faifai ita ce kuma take ƙara wa tallan cikin labari daraja. Duk kwafin da aka tura kyauta asara ce ga furodusa, amma ƙarin ido ne ga mai haja.

Majigi da sinima: abin da birni ya riga ya koya mana

Ba yau aka fara saka saƙo a cikin nishaɗi ba a cikin ganuwar Kano. Dattawa suna tuna majigi, wato motar da ke zuwa da farin ƙyalle da injin haska hoto, a kafa a fili, jama'a su taru kyauta. Gwamnati ta yi amfani da ita wajen koyar da tsafta da noma, har aka yi fim irin Baban Larai a shekarun 1950 domin kwaɗaitar da manoma kan sabbin dabarun noma. Kamfanoni ma sun bi sahu da nasu motocin suna tallan kayansu.

Abin lura shi ne yadda mutanen birni suka bambanta majigi da sinima, kamar yadda masani Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008. Majigi da yardar sarakuna take zuwa, yara da manya suna kallo ba tare da jin kunya ba. Sinima kuwa an ɗauke ta wurin 'yan iska. Lokacin da aka buɗe sinimar Palace a unguwar Jakara, daf da Kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950, sai da aka yi tarzoma ana jifan masu shiga. Fasahar iri ɗaya ce, hoto mai motsi a jikin ƙyalle, amma mutuncin mazubin ya bambanta.

Ɗan kasuwa ya riƙe wannan. Hajarka tana ɗaukar ƙamshi ko warin shirin da ka sa ta a ciki. Shirin da uba zai iya kallo tare da 'ya'yansa a Koki ko Mandawari, ko da masu kallonsa ba su kai na wani yawa ba, ya fi maka shirin da ake kallo a ɓoye da abin kunne.

Abin da bincike ya gano

Masana halayyar masu saye sun daɗe suna gwada wannan lamari, kuma abin da suka samu ya yi daidai da abin da na gani a Yakasai.

A shekarar 2000 Sharmistha Law da Kathryn Braun sun nuna wa mutane wasu sassa na shirin barkwanci na Amurka mai suna Seinfeld, sannan suka auna abu biyu daban: wane kaya mutum ya tuna ya gani, da kuma wane kaya ya zaɓa da aka ba shi jerin kayan saye. Kayan da aka nuna ƙarara kuma aka ambaci sunansu su aka fi tunawa. Amma waɗanda aka gani kawai ba a ambace su ba, waɗanda mutane ba su cika tunawa da su ba, su suka fi tasiri wajen zaɓi.

A 2002 Cristel Russell ta ƙara haske. Ta gano cewa idan yadda aka fito da kaya bai dace da matsayinsa a labari ba, misali jarumi ya furta sunan kamfani alhali zancen bai kawo can ba, mai kallo zai tuna sosai, amma ra'ayinsa kan kayan ba zai gyaru ba. Idan kuwa fitowar ta zauna daram da labarin, a nan ra'ayi yake sauyawa. Sannan a 2008 Elizabeth Cowley da Chris Barron suka nuna wani abu da ya kamata ya tsorata duk mai son a "haska kayansa da kyau": talla mai ƙarfi da ya tsaya a ido yana iya rage ƙimar kaya a wurin waɗanda suka fi kowa son shirin. Masoyin shiri shi ne yake jin haushi idan aka katse masa labari.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, duk wanda ya taɓa shiga Kurmi ya san shi. Da zarar ka ji an ce "Alhaji zo ka gani, akwai mai kyau", sai ka ɗaure fuska ka riƙe aljihu, domin ka san ciniki ake nema. Amma idan abokinka ne ka ji yana ƙamshin wani turare a masallaci, kai da kanka za ka tambaye shi inda ya saya. Kwakwalwa tana da garkuwar da take ɗagawa idan ta gane ana son sayar mata da abu. Tallan cikin labari yana aiki ne muddin garkuwar tana ƙasa. Ga kuma wani abu da Robert Zajonc ya tabbatar tun 1968: yawan ganin abu, ko da ba ka mai da hankali a kansa ba, yana sa ka fi sakin jiki da shi. Wannan ne ya sa shiri mai dogon zango ya fi fim guda ɗaya amfani ga mai haja. Wayar da ta fito a hannun jaruma mako ashirin a jere ta zama 'yar gida.

Akwai ma gwajin da aka yi a nan Najeriya, duk da cewa ba kan sayar da kaya ba ne. Abhijit Banerjee, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, tare da Eliana La Ferrara da Victor Orozco, sun yi nazari kan shirin MTV Shuga da matasa sama da 5,000 a kudu maso yammacin ƙasar nan. An nuna wa wasu shirin, wasu aka nuna musu wani daban. Bayan wata takwas, waɗanda suka kalli Shuga sun kusa ninka sauran wajen zuwa gwajin cutar ƙanjamau, kuma tasirin ya fi ƙarfi a wurin waɗanda labarin ya fi tafiya da hankalinsu. Idan labari zai iya tura saurayi asibiti ya yi gwajin da yake tsoro, tura shi shagon waya ba zai gagara ba.

Misalan da ake yawan kawowa, da abin da ba a faɗa

Duk wanda zai yi maka bayanin wannan fanni sai ya kawo fim ɗin E.T. na 1982, inda yaro ya yaudari baƙon halitta da alawar Reese's Pieces, kuma rahotanni suka ce cinikinta ya tashi da kusan kashi 65 cikin 100. Gaskiya ne. Abin da ake mantawa shi ne kamfanin Hershey ya amince ya kashe dala miliyan 1 wajen tallata alawar tare da fim ɗin a waje, kuma alawar tana nan a shaguna da gidajen sinima lokacin da yara suka fito suna nema. Fim ya tayar da sha'awa, amma shago ne ya karɓi kuɗi.

A ɓangaren na'urori, misalin da na fi so shi ne Nokia 8110 a fim ɗin The Matrix na 1999. A fim ɗin, jarumin yana danna maɓalli sai murfin wayar ya fito da kansa. Wayar kasuwa ba ta yin haka, an yi wa ta fim ɗin gyara ne na musamman, sai a Nokia 7110 aka samu irin wannan murfi. Wayar ta yi suna har aka sake fito da ita a 2018, amma wanda ya je saye a wancan lokaci yana neman abin da ya gani, bai samu ba. Kada ka bari darakta ya nuna fawa bankinka yana cajin waya goma idan ka san uku yake iyawa. A birnin da kowa ya san kowa, kwastoma ɗaya da ya ji an yaudare shi ya isa ya ba da labari a majalisa uku.

Sai hoton nan na Ellen DeGeneres da aka ɗauka da wayar Samsung Galaxy Note 3 a bikin Oscar na 2014, wanda aka yaɗa sama da sau miliyan 3 a Twitter. Samsung ya ci riba, amma 'yan jarida sun lura cewa saƙonnin da ta tura daga bayan fage da iPhone ta tura su. Wannan matsala muna da ita a nan. Manyan kamfanoni sun daɗe suna ɗaukar taurarin Kannywood jakadu, kamar yadda Glo ya ɗauki Ali Nuhu da Sani Danja, amma ƙaramin ɗan kasuwa da ya biya jaruma ta riƙe wayarsa a fim ya sani cewa masu kallo suna bibiyarta a Instagram da TikTok, kuma suna ganin wayar da take ɗaukar hoton madubi da ita.

Apple kuwa ya fi kowa taka-tsantsan. A 2020 darakta Rian Johnson ya bayyana cewa kamfanin yana barin a yi amfani da iPhone a fim, amma ban da a hannun mugu. Kai ma ka tambaya: wa zai riƙe kayana? Kishiyar da ke zuwa wurin boka, ko malamar makarantar da kowa ke tausaya wa?

Wace haja ce ta dace da labarinmu?

A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne sa kaya a gidan da bai dace da mai saye ba. Yawancin shirye-shirye a manyan gidajen Nassarawa ake ɗaukarsu, da kujeru na alfarma da mota uku a harabar gida. Idan hajarka fitila mai sola ce, ko fanka mai caji, ko wayar itel, mai sayenta yana cikin lungu ne inda ake kwana biyu ba wuta. Ka sa ta a gidan attajiri mai janareta, ba ta da aikin yi, sai dai a ajiye ta a kan tebur kamar fure.

Kayan fasaha suna da wata fa'ida da sabulu ko lemo ba su da ita: suna iya warware matsala a cikin labari. Ɗaliba tana karatun jarrabawa aka ɗauke wuta. Mai jego tana neman mijinta cikin dare batirinsa ya mutu, sai na maƙwabci ne ya rage da caji. Ɗan kasuwa a Kurmi ya sallami baƙo ya ce ya tura kuɗi, yaron shago ya duba na'urar POS ya ga ba su shigo ba, asirin ɗan damfara ya tonu. Kyamarar tsaro ta wanke wanda aka yi wa ƙazafi. A duk waɗannan, idan ka cire na'urar labarin ya rushe, kuma ba a buƙatar kowa ya karanto sunanta. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya mamaye kasuwar Afirka ne da abubuwa irin su layi biyu, batir mai daɗewa, da kyamarar da aka daidaita da baƙar fata. Kowanne cikin ukun nan fitowa ce a fim ga marubucin da ya san aikinsa.

Sharaɗi na biyu shi ne kayan ya kasance inda ƙafar mai kallo za ta kai, a farashin da aljihunsa zai ɗauka. Idan yarinyar da ta tambaye ni a zaure ta je Farm Centre ko titin Beirut aka ce mata babu irin wayar, ko an canza mata da wata, to kuɗin tallan wani shago ya yi wa aiki. Wannan babbar matsala ce ga dila: idan ka tallata samfurin waya, duk mai sayar da irinta ya amfana. Don haka dila ya fi cin riba idan shagonsa ne ya zama wurin da wani abu ke faruwa a labarin, ko jakar shagon ta riƙa fitowa, yayin da tallan samfuri ya fi dacewa da kamfani ko babban wakilinsa.

Yadda za ka san ko kuɗinka ya yi aiki

Furodusa zai nuna maka adadin kallo a YouTube. Ka gode masa, amma ka nemi ya buɗe maka shafin alƙaluman tasharsa. A can akwai jadawalin da ke nuna minti nawa mutane ke kaiwa kafin su fita, da wuraren da ake tsallakewa, da ƙasashen da masu kallo suke. Idan fitowarka tana minti na 48 alhali rabin masu kallo sun watse a minti na 20, ka san abin da ka saya. Idan kaso mai yawa na masu kallon suna Yamai ko Jidda, kai kuma shagonka ɗaya ne a Ƙofar Wambai ba ka aika kaya, wannan ma lissafi ne. A ɗaya ɓangaren, ka tuna adadin YouTube bai ƙirga waɗanda suka karɓa a memori ba, kuma su ne maƙwabtanka.

Sauran awon a shagonka yake. Ka rubuta cinikin wannan kaya na mako huɗu kafin shirin ya fita, da na mako huɗu bayansa. Ka kwatanta da wani kaya makamancinsa da ba a tallata ba, domin idan duka biyun sun tashi, wataƙila albashi ne ya shigo ko Sallah ce ta matso, ba fim ba. Ka ware layin waya ɗaya da ba ya ko'ina sai a bayanin da ke ƙasan bidiyon. Sannan ka umarci yaran shago su riƙa tambaya, "Hajiya, a ina kika ga wannan?", su ja layi a littafi. Amsar ba za ta kama kowa ba, tunda mun ga cewa wanda tallan ya fi tasiri a kansa sau da yawa bai ma tuna ya gani ba, shi ya sa littafin ciniki ya fi bakin kwastoma gaskiya.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. A ƙaddara ka biya naira 300,000, kuma ribarka a kowace fanka mai caji naira 5,000 ce. Sai ka sayar da guda 60 a kan abin da ka saba sayarwa kafin ka mayar da kuɗinka. Idan a wata guda 25 kake sayarwa, ka tambayi kanka ko shirin nan zai iya kawo wannan ƙari, kuma cikin wata nawa.

Doka da yarjejeniya

Tun 2022 hukumar ARCON ce ke kula da harkar talla a Najeriya, bayan ta maye gurbin APCON, kuma dokarta ta tanadi a tantance talla kafin a sake shi, har da na kafafen sada zumunta. Magani da abinci suna buƙatar sahalewar NAFDAC. YouTube ma yana da wurin da mai tasha zai danna ya bayyana cewa akwai tallan da aka biya a cikin bidiyo. Wasu suna tsoron bayyanawar za ta ɓata tasirin, amma ni ina ganin gara rubutu ɗan ƙarami a farkon shiri da a ce an ɓoye wa mutane.

A Kano akwai kuma Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001. A watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, ciki har da manya irin su Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin rashin kai su tantancewa kafin saki. Wanda ya biya kuɗin talla domin kasuwar wani lokaci na musamman, irin wannan tsaiko zai iya cinye masa ribar. Saboda haka kafin ka biya, ka ga shaidar tantancewa, kuma a rubuta a takarda: fitowa nawa, a kashi na nawa, a hannun wa, ba za a nuna kayan abokin hamayyarka a zango ɗaya ba, da abin da za a yi idan shirin ya tsaya. Ka raba biyan gida biyu, rabi kafin ɗauka, rabi bayan ka ga fitowar da idonka. Ka kuma nemi izinin yanko wannan fitowa ka sa a shafin shagonka da sitatus ɗinka na WhatsApp, domin a nan ne za ka iya faɗin farashi da adireshi ba tare da ka taɓa labarin ba.

Wata fasaha tana tafe da za ta sauya wannan ciniki. A 2022 Amazon ya sanar da tsarin da ke saka haja ko allon talla a cikin shiri bayan an gama ɗaukarsa, ta hanyar kwamfuta, kuma kamfanin Mirriad na Ingila ya daɗe yana irin wannan aiki. Ma'ana, bangon shagon da aka ɗauka babu komai a jikinsa zai iya samun allon kamfani daga baya, a kuma canza shi idan yarjejeniya ta ƙare. Editocinmu da ke aiki da After Effects ko DaVinci Resolve suna iya yin ƙaramin nau'in wannan tun yanzu, idan kyamara ba ta motsi sosai a fitowar. Ga furodusa mai tsofaffin shirye-shiryen da har yanzu ake kallo, wannan ƙofar kuɗi ce. Ga mai haja kuwa, sai ya ƙara layi ɗaya a takardar yarjejeniya: tsawon wane lokaci allonsa zai zauna a bangon kafin a goge shi a sa na wani.